Fumfuna a Kujerar Baya

Baba, ka gafarce ni da na rubuto. A gabanka bakina ba zai buɗu ba.

Don Allah kar ka je ka yi wa bakanike faɗa, motar ba ta yoyo. Ni nake ɓuya a kujerar baya ina rubutu. Ran Talata na sauke gilashi, Mama ta kira ni, na manta ban ɗaga ba, ruwan sama ya shiga. Shi ya kawo fumfunar da warin.

Na goge, na shanya kafet a katanga. A bar ƙofofin a buɗe, cikin motar ya sha rana.

Littafin da ke bushewa kan sitiyari labarina ne na farko. Kar ka karanta, ban gama ba.

Na wuce makaranta kana barci.