Sa Hannun Uwar Adnan

Pantai Dalam, Kuala Lumpur
5 ga Yuli, 2021

Yaya Iro,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Barira da yara. Rubutu na yi maka don in na kira ka a waya 'yata Hasna za ta ji, gidan nan ba shi da lungun ɓuya.

Ban daɗe da fita takabar Adnan ba, sai ga wata sabuwa. Ka san sana'ata dafa wa ɗalibanmu 'yan Nijeriya abinci. Korona ta sa an rufe jami'a, an hana fita, ni ma na kife tukunya. Hayar gidan gwamnatin da muke ciki ba ta da yawa, amma yanzu ta fi ƙarfina.

Maƙwabciyata Kak Ros ta kira min ofishin zakka. Sun ce suna taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi da kuɗin haya. Sai dai gidan da sunan Adnan yake, ni baƙuwa ce a ƙasar, Hasna kuma 'yar ƙasa ce amma shekararta tara. Wai sai wani babba daga danginsa ya sa hannu a mayar da gidan sunansa. Mutum ɗaya ta rage masa, mahaifiyarsa da ke unguwar Cheras, wadda muke ce wa Mak. Ka tuna ta, ita ce ba ta zo bikinmu ba, ba ta zo sunan Hasna ba.

Yaya, ka ba ni shawara.

Ƙanwarka,
Husainatu

Fagge, Kano
9 ga Yuli, 2021

Husainatu,

Wa'alaikumus salam. Duk muna lafiya. Na karanta, kuma raina ya ɓaci. Matar da ta shekara goma tana gudunki saboda launin fatarki, ita za ki je ki durƙusa wa? Ki yi tunani mana! In gida ya koma sunanta, ranar da ta ga dama ta watso miki kaya, ta riƙe jikarta, wa za ki kai wa ƙara?

Ki tattaro ki dawo. Zan sayar da babur ɗina in haɗa muku kuɗin jirgi. Ɗakin Inna yana nan a kulle, babu mai tambayarki takarda kafin ki shiga.

Allah Ya jiƙan Adnan, mutumin kirki ne. Amma ya tafi.

Yayanki,
Iro

Pantai Dalam
20 ga Yuli, 2021

Yaya,

Barka da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Ka yi haƙuri, ban bi maganarka ba. Na tambayi Hasna ko za ta je Kano, sai ta ce, "Mama, to wa zai riƙa ziyartar kabarin Ayah?" Haka take kiran babanta. Kada ka taɓa babur ɗinka, da shi kake ciyar da mutum bakwai.

Na je Cheras da takardun. A nan yanzu wanda abinci ya ƙare masa yakan rataya farin ƙyalle a taga don maƙwabta su gani. Yaya, da na ɗaga kai, a tagar Mak na ga ƙyallen. Tsohon mayafin sallarta ne.

Ta buɗe ƙofar katako, ta bar ta ƙarfe a rufe. Ta rame ƙwarai. Ashe Adnan ne yake riƙe da ita bai taɓa gaya min ba, kuma mai gidan da take haya ya ba ta wa'adi zuwa ƙarshen wata.

Na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta ce, "Ba kya tsoron in kore ki?"

Na ce, "Ina tsoro, Mak."

"To me ya sa kika zo?"

Na ce, "Gadon Adnan yana nan babu kowa a kai. Ni da Hasna a falo muke kwana tun da ya rasu."

Ta zuro hannu ta karɓi takardun, ta rufe ƙofa. Har yau shiru.

Husainatu

Fagge
24 ga Yuli, 2021

Ƙanwata,

Na karanta wa Barira wasiƙarki, ta yi kuka, ta ce ni ne mai taurin kai. Wataƙila. Har yanzu hankalina bai kwanta da matar nan ba. Amma ko ta sa hannu ko ba ta sa ba, kada ki bar tsohuwa da yunwa. In kina da shinkafa, ki raba biyu.

Ina jiran labari.

Iro

Pantai Dalam
16 ga Agusta, 2021

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ta sa hannu. Da kanta ta zo, da akwati ɗaya da tukunyar dafa shinkafa. Ofishin zakka sun karɓi takardunmu, sun ce za su ɗauki nauyin hayar.

Gidan yanzu nata ne, ban manta gargaɗinka ba. Tana ƙorafin miyata ta cika daddawa, amma tana ƙari. Yau da safe tana taje wa Hasna kai, gashin ya gagare ta, sai na ji ta ƙwala min kira daga ɗaki. "Usaina," ta ce, "zo ki nuna min yadda ake yi."

Bari in je, tana jirana da matajin.

Taka,
Husainatu