Tukunyar Nakiyar Da 'Yata Ta Hana A Kai

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin a ɓoye sunana, kuma yadda na turo muryar nan haka za ki rubuta, kar ki gyara min ko kalma. Don Allah ku ba ni shawara, ko da yake tun yanzu in faɗa muku, ba kowace zan ɗauka ba.

Ni tsohuwa ce, ina zaune wajen Bebeji. Ƙauyenmu na asali yana ƙarƙashin ruwan Tiga, in kun ga masunta a kwalekwale, wataƙila a saman ɗakin Innarmu suke. An tashe mu saboda aikin dam saura wata biyu bikina, ga fari an sha, rumbu wayam, sabon gidan ma da zana aka kewaye shi. Dangi suka ce a ɗaga biki sai an samu gadon ƙarfe da kwalla da samira, Inna ta ce ai ba gadon za a aura ba. Da tabarma da 'yan tasoshi da tsohon akwatinta aka kai ni. Abu ɗaya ne ta ce ko zanen jikinta za ta sayar sai an yi, shi ne nakiya.

A gidanmu duk nakiyar da aka yi wa amarya sai a gutsuri dunƙule a ajiye a 'yar tukunya, in wani biki ya zo a daka shi cikin sabuwa, iri muke ce masa. Ranar da motar kwasar kaya ta zo Inna ta bar turminta da dutsen niƙa, amma tukunyar nan a cinyarta ta riƙe har muka sauka. Ta yi wa mutane sussuka aka ba ta shinkafa, Babanmu ya taka har bakin dajin Falgore ya samo zuma, wata Bafulatana ƙawarta ta kawo man shanu, muka kwana uku muna daka a turmin aro.

Da aka kai gara, uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ta leƙa ta ce wa mata ga garar 'yan gudun ruwa, tukunya ɗaya kamar an kawo sadaka. Sunan nan har rijiya ya bi ni, na sha kuka ba kaɗan ba. Da na kai wa Inna ƙara, cewa kawai ta yi, "Ki rufe bakin tukunyar da kyau, ranarta na zuwa."

Ranar kuwa ta zo. Na haihu tsakiyar damina, gidan kowa ya koma rama da tafasa, ba kunun kanwa balle nama, nono ya ƙi zuwa, jaririya ta yi ta kuka har murya ta dishe. Uwar mijin nan da ta yi dariya, ita ta sauko da tukunyar da hannunta, safe da yamma tana gutsura min har muka yi arba'in. Da ikon Allah da nakiyar nan yarinyar ta rayu.

To jaririyar nan ita ce yau Hajiya a Kano, wata mai zuwa za ta aurar da 'yarta. Ta kira ni wai kaya sun yi tsada, biki daidai ƙarfi za a yi, na ce madalla, mu muka san wannan. Ashe daidai ƙarfin nata har da hol da kek da masu kwalliya, nakiyata kaɗai aka soke. Wai dangin ango 'yan boko ne, an ba wata odar alkaki da dubulan a kwali mai ribon, tukunyar ƙasa ƙauyanci ce, raini za ta ja wa yarinya. Da na matsa sai ta aiko direba da buhun shinkafa 'yar Tailan, wai in yi kaɗan mu ci a gida. Jama'a, shinkafar da aka riga aka turara, wa ya taɓa daka nakiya da ita? Na mayar mata da kayanta, na sa aka kawo min tamu ɗanya ta bakin dam. Shi ne ta turo ƙaninta ya gaya min in dai tukunyar nan za ta shiga motar gara, gara in yi zamana a gida. Wallahi na ji zafi, ni da bikin jikata.

Amma ga inda gizo ke saƙar. 'Yar fari ce, tunda na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama hira da ita ba, kunya irin tamu ta da, goyonta ma yawanci kakarta ce ta yi. Labarin nan ba ta taɓa jinsa ba, waɗanda suka sani duk ƙasa ta rufe musu ido. A bikinta ma an yi mata, ta ɗauka kayan zaƙi ne kawai. Tsoron da take ji kuma na san shi, ni aka fara yi wa dariyar.

Nakiya dai na riga na daka, irin Inna yana ciki, kuma sai ta shiga ɗakin jikata ko a ka zan ɗauka daga nan har Kano, kar wanda ya ɓata bakinsa a kan wannan. Ruwan Tiga bai ci tukunyar nan ba, ba kwali mai ribon ne zai ci ta ba. Abin da nake tambayarku, in kai nakiyar shiru in bar ta da fushinta, ko in ajiye kunyar shekara hamsin in zaunar da ita, in gaya mata abin da take kira ƙauyanci shi ta tsotsa? Ina tsoron ta ce gori nake mata. Ku faɗa min ta inda zan fara, don dakan kwana uku bai gagare ni ba, sunan nan nata ne ya ƙi fita daga bakina.