Bappana Ya Gaida Akwatin Saƙo Sau Bakwai

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Bana na gama hidimar ƙasa. Ranar Talata, uku ga wata, na yi intabiyu a wata makarantar sakandare a Nasko, suka ce za su kira cikin sati biyu. Wayata ta hannu ta faɗa rijiya tun watan jiya, sai na ba su lambar wayar gidanmu, irin ta tebur mai ɗaukar layi. Da safe gidan ba kowa, ni ma ina raka Inna asibiti. Don haka na karanta takardar wayar sau biyu, na saita mata akwatin saƙon murya. In ta yi ƙara sau shida ba a ɗauka ba, sai muryata ta fito. Na fara da sallama, sannan na ce ba ma kusa, a bar saƙo. Daƙiƙa goma sha huɗu ne, na auna.

Sallamar nan ce ta jawo mini. Bappa Gidaɗo, yayan mahaifina da ke ruga wajen Bangi, ya kira. Yana jin sallama ya amsa ya shiga gaisuwa, bai saurari sauran ba. Ya tambayi jikin Inna, ya ba ni labarin saniyarsa da ta haihu, har minti biyun da akwatin ke bayarwa suka cika, layin ya yanke. Sau bakwai yana yin haka. Yanzu yana gaya wa dangi wai boko ya sa na fi ƙarfin amsa gaisuwa, har ina kashe masa waya. Gwaggo Hajjo ta kira don ta yi mini faɗa, ita ma akwatin ta yi wa, sau uku.

Saƙo goma akwatin ke ɗauka. Ya cika ranar Alhamis, ban lura ba sai Asabar. Ranar Juma'a da ƙarfe goma da minti goma sha biyu wata baƙuwar lamba ta kira, ba ta samu wurin barin saƙo ba. Ko makarantar ce, ban sani ba. Baba ya ce in cire abin. In na cire, wa zai amsa musu?

'Yarki mai jiran kira, Kontagora.

AMSA

'Yata, ba ki yi laifi ba, amma Bappa ma bai yi ba. Duk wanda aka yi wa sallama dole ya amsa. Ke kika yi sallama, kika bar dattijo yana hira da tebur.

Fara da aikin. Kin san har mintin da baƙuwar lamba ta kira, amma ba ki bi ta ba. Ki kira ta gobe da safe, ki faɗi sunanki da ranar intabiyunki. Babu kunya a cikin neman abin da kika yi wa karatu.

Kada ki cire akwatin. Ki roƙi Baba ya sa muryarsa a madadin taki, da Hausa da Fillanci, kalmarsa ta farko ta zama cewa na'ura ce ke magana, babu kowa a gida. Ki riƙa goge saƙonni kowace yamma.

Amma na Bappa, ki saurare su duka kafin ki goge. Sannan ki shiga mota zuwa Bangi. Kada ki je da bayanin na'ura. Gaisuwa bakwai ya yi miki, ki durƙusa ki amsa su ɗaya bayan ɗaya, ki kuma tambaye shi lafiyar ɗan maraƙin.

Allah Ya ba Inna lafiya, Ya sa kiran nan naki ne.