Na wanke radiyatar ɗinka, Yaya Mutari

Zuwa ga yayana Mutari, a duk ƙasar da wannan takarda ta iske ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mu a nan Magaria lafiya lau muke, sai zafin bazara da ka sani. Inna tana gaishe ka. Lambarka ta daɗe ba ta shiga, shi ya sa na rubuta a nan shafinka inda kowa ke gani. Masu leƙe ku yi haƙuri, maganar gida ce, amma ba mu da wata ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Yaya, na buɗe kwalinka. Gara in faɗa maka tun daga farko, kafin ka ji a bakin wani.

Ka tuna ranar da ka shigo da shi daga Kano, ka baje kayan a kan tabarma kamar mai tallan magani? Ga radiyatar baƙa mai tsawon kamu biyu, irin ta mota mai sanyaya ruwa, ga tiyo, ga ɗan famfo, ga fankoki, ga wani dunƙulen jan ƙarfe da ka ce shi ake ɗora wa ƙwaƙwalwar ordinatar, wato kwamfuta, ya kwashe mata zafi. Ordinatar ɗin shagonmu, wadda muke haɗa bidiyon biki da suna da ita, da rana ta take sai ta ɗauke tsakiyar aiki. Kai kuma ka rantse da ruwa za ka sanyaya ta. Inna ta dube ka, ta dubi kayan, ta ce: "Ruwa da wutar kuran a akwati guda? Ku dai ku bari in fita unguwa tukuna."

Ni kuwa rawar jiki ta kama ni, na ce a haɗa yau yau. Ka buge mini hannu. Ka ce sabuwar radiyatar da dattinta take fitowa daga masana'anta, akwai ragowar dalma da garin ƙarfe a cikinta, in aka haɗa ba a wanke ba, su za su bi ruwa su toshe ƙananan hanyoyin dunƙulen nan, famfo ya ƙone. Ka ce sai an samo tataccen ruwa, sai an natsu, kuma ni da garajena ba zan iya ni kaɗai ba. Na ji haushin wannan magana, har yanzu ma ina ji.

Ba mu samu natsuwar ba. Tafiyar Libiya ta taso maka, ka ce damina ɗaya za ka yi, ka dawo da kamara mai kyau, sannan mu haɗa tare. Ka ɗaure kwalin da igiyar babur. Da farko muryarka tana zuwa a waya, kana tsokanata wai kada in cinye shagon da ƙosai. Daga baya ta rage zuwa. Daga baya ta daina.

Mun tambaya, Yaya. Duk wanda aka ce ya sauko daga can, ko ɗan Kwaya ne ko ɗan Dungas, sai na je na nuna masa hotonka. Wani ya ce ya gan ka a wurin gini, wani ya ce kamar kai ne a wata mota, wani ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya bayyana.

Da shiru ya yi tsawo, Baffa Sale ya zo daga Sassumbrum. Ba mugunta ta kawo shi ba, ka san shi, mutum ne mai son a gama magana. Ya ce a yi maka sadaka, a raba abin da ka bari, hankalin kowa ya kwanta. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce: "Malam Sale, ba a kawo mini gawa ba, ba zan raba kayan mai rai ba." Ka san kai ɗan fari ne, ba ta kama sunanka, to tun daga ranar ta koma kiranka mai kayan. Babur ɗinka aka lulluɓe shi da buhu, rigunanka suna cikin adaka, kwalin kuma ya shige ƙarƙashin gadonta, a kan bulo saboda gara. Ko tsinke ba a taɓawa. A wurinta, duk wanda ya taɓa kayanka ya yarda ke nan ba za ka dawo ba.

Bana zafi ya yi mana yawa. Na cire murfin ordinatar, na kafa mata fanka, na rataya jiƙaƙƙen zane a taga, duk a banza. Da hantsi ya ɗaga sai ta mutu. Wasu mutanen Guci suka yi ta zarya a kan bidiyon bikin 'yarsu, har kunya ta sa in na hango su sai in shige bayan labule. Shagon nan shi ke ɗora tukunya a gidanmu, ka fi kowa sani. Maganin kuwa yana ƙarƙashin gadon da nake sharewa kullum. Amma ban iya buɗe baki na roƙa ba, don ina tsoron ta dube ni da idon da ta dubi Baffa.

Ashe tana lura. Wata safiya na fito daga ɗaki na tarar ta jawo kwalin tsakar gida da kanta, tana kwance igiyar da haƙori. Ba ta dube ni ba. Ta ce: "Ki wanke shi yadda mai kayan ya ce."

Da ka ga abin da muka tarar da ka yi dariya. Zanzaro ya samu ƙofa ya shiga, ya gina ɗakinsa a bakin radiyatar, ya yi aure, ya yi 'ya'ya, ya tashi. Na sayo tataccen ruwan nan da ake ƙara wa batir, wanda ba shi da asid. Inna ta hana a ɗumama shi a tukunyar da ta taɓa ganin miya, sabuwar butar shayi ta fito da ita. Na zuba ruwan har rabi, na toshe bakunan biyu, na girgiza, na juye a farin kwano don mu ga abin da zai fito. Ruwan ya fito ja kamar na tabki, da laka, da baƙin gari, da wasu 'yan ɓarɓashi masu ƙyalli da suka kwanta a gindin kwano. Gaskiyarka ce, Yaya. Na faɗa sau ɗaya, kada ka sa ran zan maimaita.

A zubi na gaba Inna ta karɓe daga hannuna, wai ba ni da ƙarfi. Ta zauna a kan kujerarta, ta rungume radiyatar tana kaɗawa kamar mai kaɗa nono a gora. Mu zuba, ta kaɗa, mu juye, mu duba. Lakar ta ƙare, baƙin garin ya ragu, har ruwan ya fito garau yadda ya shiga. Na ce mata ya yi. Ta ce a ƙara. Muka ƙara, ya fito tas. Ta ce a ƙara dai. Sai a lokacin na gane ba datti take nema ba. Tun da ka tafi, yau ne karon farko da ta riƙe wani abu naka a hannu tana yi masa aiki, ba ta son aikin ya ƙare. Na juya baya kamar ina gyara wuta, na yi kukana. Na yi ta ɗumama mata ruwa har jarkar ta ƙare.

Sauran aikin ni kaɗai na yi, ni mai garajen. Na shanya radiyatar ta bushe, na haɗa tiyo, na shimfiɗa farin ƙyalle ƙarƙashin kowace mahaɗa, na bar famfo yana juya ruwa ordinatar tana kashe, don in ga ko zai ɗiga. Bai ɗiga ba. Yanzu tana aiki har la'asar ba ta ko yin gunaguni, mutanen Guci sun karɓi bidiyonsu.

Labari bai kwana ba ya kai Sassumbrum. Baffa ya zo ran kasuwa, ya zauna, ya sha ruwa, ya yi hamdala cewa Inna ta sauko. Ya ce tunda an fara da kwali, sai a ƙarasa sauran, a sa ranar sadaka. Abin da na guda ke nan, kuma ta dalilina ya zo. Na dubi Inna. Ta ce: "Ba gado ta ci ba, aro ta yi. Aro kuwa sai mai kaya ya sani." Sannan ta juyo gare ni ta ce in rubuta maka a inda jama'a za su gani su shaida.

To ga shi na rubuta. Aro ne, Yaya. Ban san ko idonka zai kai kan wannan takarda ba, kuma ba zan ɓoye maka ba, akwai ranakun da zuciyata ke bin maganar Baffa. Amma ina kewarka, kewa mai ciwo, kuma na fi son ka shigo shagon nan ka leƙa, ka ce na karkata tiyo, ka kwance komai ka tafi da abinka, ko da ordinatar za ta koma mutuwa da hantsi.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya rufa maka asiri, ya sa akwai mai ba ka ruwa in ka ji ƙishi. In hanya ce ta toshe, Allah ya buɗe ta. Allah ya ara wa Inna kwana har ta miƙa maka kayanka da hannunta. Amin.

Ka zo ka karɓi abinka, an wanke shi tas.

Ƙanwarka mai riƙon aro,
Zuwaira, daga Magaria.