Na Yabi Matata a Gaban Dangi, Yanzu Za a Rage Mana Hatsin Gandu

Assalamu alaikum Anti Fiddausi. Don Allah ki taimaka mini da shawara kafin a gama sussukar bana, domin da zarar an ɗinke bakin buhuna magana ta wuce. Na san yawancin masu rubuto miki mata ne, shi ya sa na yi ta jan ƙafa. Amma abin ya tsaya mini a rai, kuma ba zan iya kai shi majalisa ba, don a majalisar na jawo wa kaina tun farko.

Ni malamin firamare ne a nan Dutse, asalina mutumin Aujara. Da mahaifinmu ya rasu ba mu raba gona ba, mun bar ta gandu a hannun babban wanmu, Yaya Idirisu, shi da ƙaninmu Sagiru suke nomawa. Duk kaka Yaya yakan fitar da zakka, ya ware iri, sannan ya auna wa kowane gida rabonsa na gero da dawa, nawa a ɗoro shi a mota a kawo mini. Ni kuma in albashi ya yi auki nakan aika da ɗan abin sayen taki. Ba zan ɓoye miki ba, ba kowace shekara yake yin aukin ba.

Matata 'yar Taura ce, bari in kira ta Zulaihatu ko da yake ba sunanta ke nan ba. Anti, ban san ta inda zan fara ba. Tun da na aure ta ban taɓa ganin ƙwayar hatsi a bakin kwata ba. In an kai surfe, dusar ta kajinta ce. Tsakin da ya rage a rariya dambu ne ko fate. Ƙanzon tukunya ba ta jiƙa shi ta zubar, shanya shi take yi ta tara, ranar da aka bushe da cefane ta kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli da albasa, yara su yi ta rububi suna neman ƙari. Da safe ɗumame ne, har yaranmu sun ɗauka burodi da shayi abincin marar lafiya ne. Buhuna kuwa ba ta yarda su taɓa siminti, a kan katako take jera su, ta cusa ganyen darbejiya a tsakani, wake kuma ta ɗura shi a jarka ta toshe bakin tam yadda ƙwaro ba zai sami iskar shaƙa ba.

Lokacin da tumatir ya yi arha har masu shi suna roƙon a saya, takan matsa mini in ɗauke ta a babur mu je kasuwar Shuwarin. Kwando guda za ta saya, da tattasai da kuɓewa, ta zauna ta yanyanka ta baza a tabarma. Da farko kunya nake ji, in abokai suka zo su tarar da tsakar gida ja wur babu wajen taka ƙafa. Amma in damina ta faɗi, tumatir ya koma sai a faranti ana ƙirga shi da ɗaiɗai, abokan nan su ne masu turo matansu neman kauɗar tumatir wajenta. In ta sauke tukunya takan yayyafa wa garwashi ruwa, gobe ya koma gawayi. Guntayen sabulu tana haɗa su wuri guda ta dunƙule. Ruwan ɗaurayar kwanuka gindin zogale yake zuwa, zogalen nan kuma shi ne miyarmu rabin shekara. Kullum kafin in fita sai ta tambaye ni ko a gida zan ci na rana, don kada ta tuƙa abin da zai kwana ya lalace. Akwai lokacin da tambayar take ba ni haushi.

Kada ki ɗauka rowa nake ba ki labari. Duk tuwon da za ta tuƙa sai ta ƙara malmala guda ta baƙo. 'Yan garinmu da ke zuwa asibiti ko sakatariya a gidana suke sauka, ba wanda ya taɓa tashi bai ƙoshi ba. Maƙwabciya ta haihu, kununta ne yake fara isa. Ni dai abin da na gani shi ne hannunta yana da albarka, kuma ba ta raina ƙaramin abu.

A haka hatsinmu ya riƙa kai wa kaka har da saura. Na bara ya tarar da ragowar na bara waccan. Ta taɓa gaya mini niyyarta, wai in rarar ta taru za ta sayar a tsakiyar damina lokacin da hatsi ke da daraja, ta sayi tunkiya ta kiwata, ta haifa mana rago. Mu ba mu taɓa yanka ragon layya a gidanmu ba, watanda nake shiga, kuma tana so wata shekara yaranmu su ga ragonsu a ɗaure kamar na kowa. Har turke ta kafa a lungun tsakar gida, tana ta tara harawar wake a saman kejin kaji. Turken yana nan babu komai a jikinsa, kullum sai na wuce shi in zan fito da babur.

To, da Babbar Sallah na je gida. Muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida, mu da baffanninmu da sauran dangi, sai Yaya ya kawo maganar cewa rumbun Sagiru ya kusa ƙasa, ga aikin noma yanzu aka fara, dole sai an nemi hatsi a kasuwa. Wani baffanmu ya juyo ya tambaye ni yadda muke fama a birni da tsadar nan. Anti, wallahi ba da wata manufa ba, daɗi ne ya ɗebe ni. Na buɗe baki na zayyana musu duk abin da na zayyana miki, har da cewa akwai buhunan da ko zarensu ba mu kwance ba. Dattawa suka yi ta sa mata albarka. Ni kuwa sai fara'a nake, ban lura Sagiru ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke ba, sai daga baya abin ya dawo mini.

Makon jiya Yaya ya kira ni a waya. Bayan gaisuwa ya ce ya yi tunani, tunda abin da ake kai mana yana yi mana yawa, bana zai rage nawa ya ƙara wa Sagiru. Ya faɗa cikin sanyin murya, ba faɗa ba gori. Ni kuma na ce to, domin ban taɓa musa wa Yaya magana ba, shi ya riƙe mu bayan Baba, shi ya biya mini kuɗin makaranta.

Tun ranar abinci ba ya mini daɗi. Hatsin nan ba yawa ya yi mana ba, ita ce ta sa ya isa. Ban ce Munira matar Sagiru almubazzara ce ba, amma na sha ganin tuwo ya kwana a gidansu an zuba wa awaki. Yanzu ke nan wadda ta tattala ita za a rage wa? Har yau ban gaya wa Zulaihatu ba. Tsoro nake kada gwiwarta ta yi sanyi ta ce ashe wahalar banza take yi, kuma in ta ji bakina ne ya jawo, da wane ido zan kalle ta? Abin da ya ƙara dagula mini lissafi, ni ba mai yabon mace a gabanta ba ne, haka muka taso, iyakata in ci in ce alhamdulillahi in tashi. Wani abokina ya ce in koma in ce wa Yaya cika baki kawai na yi, ko in ce ƙwari sun cinye ragowar. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. In yi shiru in cuci matata, in yi magana a ce na yi wa Yaya tsaurin ido a kan hatsin da ban noma ba. Ina zan sa kaina?

Naki,
Mijin Mai Tattali, Dutse

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya yi wa wannan mata taka albarka. Na karanta wasiƙarka na tashi na je na leƙa tukunyata, na ga ƙanzon da na jiƙa zan zubar, sai da na ji kunya. Ka yi dace, kuma ka san ka yi dace, wanda ba kowane namiji ne yake sani ba.

Amma bari in fara da tsaya wa Yayanka, don ban ga zalunci a abin da ya yi ba. Ka zauna a gaban mutumin da rumbunsa ya kusa ƙarewa ka ce kai ko zaren buhu ba ka kwance ba. Me kake so shugaban gandu ya yi da wannan labari? Da bakinka ka ba shi hujja. Sannan ka sassauta wa Munira. Ita ke dafa wa 'yan ƙwadago, ita ke kai abinci gona, duk baƙon da ya sauka a babban gida ita za ta yi hidimarsa, kuma wanda ya wuni da fartanya ba ya cin irin cin wanda ya wuni da alli. Tuwon da ka ga an zuba wa awaki, awakin nan su ke ba da takin da ke komawa gonarku.

Duk da haka kana da gaskiya a babban abu guda. Rarar da ke ɗakinku aikin hannun Zulaihatu ce, kamar yadda hatsin da ke rumbu aikin hannun Sagiru ne. Yaya bai san haka ba yadda ya kamata, domin a majalisa an ji yabo, ba a ji wahalar da ke bayansa ba.

Shawarar abokinka ka watsar da ita. Ƙarya ɗaya za ta zubar da mutuncinka a wajen Yaya, ta kuma mayar da matarka wadda ta bar ƙwari suka ci hatsi, ita da ke toshe bakin jarka.

Ka fara da gida. Ka zaunar da ita ka gaya mata duk yadda aka yi, kada ta tsinci labarin a bakin matan dangi ranar wani suna. Bayan nan ka hau babur ka je Aujara da kanka, irin wannan magana ba a yin ta a waya. Ka riƙe wa Yaya ɗan kauɗa da busasshiyar kuɓewa daga hannunta, ka same shi shi kaɗai, ka ba shi haƙuri kan yadda maganarka ta faɗa a kan Sagiru. Sannan ka bayyana masa yadda rarar ta samu, da turken da ke jiran tunkiya, ka roƙe shi ya bar awon yadda yake. Ka haɗa roƙon da alkawarin da za ka iya cikawa: taki duk shekara, ba sai albashi ya yi auki ba. Ka riƙa cire kaɗan duk wata tun daga rani. Malamar tattali tana cikin gidanka, ka tambaye ta yadda ake yi.

Game da Sagiru, buƙatarsa gaskiya ce, kuma ɗan'uwanka ne. Ka shawarci Zulaihatu ko za ta ɗebi wani abu daga rarar ta aika wa Munira da sunanta. Ka tambaye ta, kada ka yanke mata. Macen da ke ƙara malmalar baƙo kullum, ina kyautata zaton za ta ba da fiye da abin da Yaya ya yi niyyar ragewa, kuma za ta bayar da farin ciki tunda ita ta miƙa da hannunta.

In kuma Yaya ya tsaya a kan bakansa, ka karɓa ba tare da ɓacin rai ba, gandu ya fi buhu. Sai dai giɓin ya zama naka, kada ya zama nata. Ka rage wani abu daga hidimarka ta waje, ka cika mata kuɗin tunkiyar nan.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi damuna a duk wasiƙarka. Kana tsoron ragin hatsi zai kashe mata gwiwa. Ni abin da nake tsoro shi ne shekarun da ta yi tana shanya ƙanzo da dunƙule sabulu, mijinta yana ci yana tashi. Baffanninka sun ji yabonta a gindin darbejiya, yau duk mai karanta shafin nan ya ji, ita kaɗai ce ba ta ji ba. Kafin ka kai ga maganar Yaya, ka fara gaya mata abin da ka gaya musu, tun daga dusar kaji har gindin zogale, kada ka tsallake ko ɗaya. In kunya ta kama ka, ka kalli turken ka yi magana, za ta ji.

Allah ya ƙara muku zumunci, ya sa albarka a gandunku, ya sa baɗi war haka kukan tunkiya ya hana ka jin rediyo a tsakar gida.

Taku,
Anti Fiddausi