Babban Yarona a Belarus

Litinin, 1 ga Yuli, 2024
Faustina makwabciyata ke rubuta min, ni ban san biro ba. Wayar babban yarona ta daina shiga. Ɗan fari ne, a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Faustina, rubuta "shi" kawai.

Alhamis, 4 ga Yuli
Daga tashar jirgin Kafanchan ya tafi karatu, tun ana ce wa wurin Rasha. Ya auri Baturiya, Irene, ya shiga jam'iyyar 'yan gurguzu. Da farko takarda yake raba musu a bakin masana'anta. Ya zama sakatare, ya zama shugaba a garinsu, har kujerar kansila. Duk hawan da ya yi sai ya bugo, ni kuma in miƙa wa ƙaninsa Abdu wayar, in saurara daga bayan labule. Haka ake yi.

Talata, 9 ga Yuli
Irene ta yi Turanci da Faustina a waya tana kuka. Wai jam'iyya ta rabe biyu, yaran da ya koya wa aiki suka ɗaga hannu aka sauke shi. Wasu mutane sun zo da mota sun tafi da shi. Tun ranar shiru.

Juma'a, 19 ga Yuli
Mun je wani ofis neman labarinsa, aka ce in faɗi sunansa da bakina. Harshena ya ƙi. Mutumin ya ɗauka tsufa ne, ya ce in dawo idan na tuna.

Asabar, 27 ga Yuli
Abdu ya ce a yi masa sadaka, a huta. Wani a masallaci ya ce ai ɗan gurguzu bai san Allah ba, wace sadaka? Na ce wa Abdu, "In ka tara min mutane a ƙofa, ban yafe ba. Wa ya ga gawa?"

Laraba, 31 ga Yuli
Ban ci ba. Ko suna ba shi bargo?

Lahadi, 4 ga Agusta
Faustina ta dawo daga coci, na aike ta ta surfa min gero, ta jiƙa. Ta ce na mene ne, Inna, da yawa haka? Na ce yaran unguwa na son gumba. Ba sadaka ba ce, rubuta haka. Amma a gaya wa Abdu ya aro tabarmi.