Injin Haɗa Fayba Na Auta Ne

Ƙafafuna ne suka mutu, hankalina yana nan lafiya lau, kuma da hannuna nake rubuta wannan. Ku karanta shi a tare, kai Babba, da kai Dogo, da ke Auta.

Tunda ciwo ya kwantar da ni, duniyata ta koma gadon nan da tagar nan. Ta tagar ba abin da nake gani sai falwaya, da akwatin rabon fayba, wato wayar intanet, da marigayi ubanku ya kafa a jikinta, wanda daga cikinsa waya take shiga gidajen layinmu. Murfinsa ya karkace tun bara. Ruwa yana shiga, zanzaro ya yi gida a ciki, maƙwabta suna zuwa gaishe ni suna ƙorafin intanet. Ina da 'ya'ya maza biyu masu wannan sana'a, amma kullum da shi nake wayar gari.

Na ɗaya. Babba, ka kulle injin haɗa fayba a shago ka sa mukulli a aljihu. Dogo, ka ɗauke tsani da babur ka kai gidan surukanka. Mai inji ba ya iya hawa, mai tsani ba ya iya haɗawa, kun zauna kuna harara kamar zakaru biyu a akurki ɗaya. Wannan abin kunya ya ƙare kafin a ɗauki gawata.

Na biyu. Injin nan nawa ne, da kekena na ɗinki na saya wa ubanku shi. Na ba Auta kyauta tun ina da rai, a gaban kawunku, saboda haka ba ya cikin gado. Babba, ka miƙa mata mukulli hannu da hannu, kar ka aiko matarka.

Kun manta Auta ce take riƙe wa ubanku zaren fayban nan mai sirantar gashi, ta fere shi, ta haɗa, hannunta ko rawa ba ya yi. Ranar da na faɗi, ku biyu kuka yanke cewa ita za ta zauna da ni, ba wanda ya tambaye ta. Hannun nan yanzu fo yake ɗauka. Ni ciwo ya kulle ni a ɗakin nan, ita kuwa ba abin da ya same ta.

Na uku. Tsani da babur na shago ne. Dogo zai hau, Auta ta haɗa, Babba ya nemo aiki tunda Allah ya ba shi baki. Ubanku bai taɓa rufe akwati bai naɗe rarar waya a ciki ba, don wanda zai zo gyara ya sami abin yankawa. Kai Babba kana janta tamau, shi ya sa aikinka in ya tsinke sai an sake daga farko. Da ƙannenka ma haka kake, ka sassauta.

Na huɗu. Kar ku jira mutuwata ku saki yarinyar nan. Matanku su karɓi jinyata, kwana bi da bi. Na san ba sa son bakina, su yi haƙuri, saura kaɗan.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, kar a ji kanku a waje. Aikinku na farko ku uku, akwatin da ke gaban tagata. Ku yi shi da rana tsaka, ku ɗage mini labule, ina so in gani da idona.